Filin Lafiyar Gida: Sabunin Fuska Da Ake Kira Na Itace Zalla

Hatsi ya shiga rumbu, kuɗi sun ɗan shiga hannu, lokacin bukukuwan aure kuma ya zo. Wannan shi ne lokacin da masu tallar kayan gyaran jiki suke cika kasuwanni. Duk wanda ya ci kasuwa a ƙasar Madawa, ko Buza, ko Keita ya gan su. Wani da tire bisa kai, wani da baro, wani da babur da lasifika. Abin da ya fi tafiya a hannunsu shi ne sabunin wanke fuska. Kirarin da suke yi masa guda ne: na itace ne zalla, babu haɗin Turawa, da ganyen bedi da zuma da kurkum aka yi shi. Sun ce yana kashe ƙuraje, yana share tabo, yana sa fuska haske cikin kwana 7.

Ƴanmata da amare suna saye. Samari ma suna saye, sai dai su a ɓoye. Da yawa cikin masu sayen ba su ga abin da aka faɗa musu ba, wasu kuma sun ga abin da ba su nema ba.

Ga misalin wata budurwa a wani ƙauye na kwarin Majiya. An sa ranar aurenta bayan kaka. Tana da ƴan ƙuraje a goshi da haɓa, irin waɗanda kusan kowace budurwa take yi. Ta sayi curi guda dala 200, watau jikka guda, kuɗin da ta tara daga sayar da ƙuli-ƙuli. Mai tallar ya ce mata ta shafa kumfar safe da dare, ta bar ta ta bushe a fuska kafin ta ɗauraye. Ta bi maganarsa.

Kwana uku na farko ta ji daɗi. Fuskar ta yi wasai, maiƙo ya tafi, in ta goga yatsa har ƙara take ji. Ranar ta biyar fatar ta fara ɗaurewa, kamar an ja ta da zare. Kafin mako ya cika gefen hanci da gefen baki sun fara saɓa, in iska ta buga sai raɗaɗi. Ta koma kasuwa ta gaya ma mai sabunin. Ya ce ai dattin ne yake fita, ta ci gaba, ta ma ƙara curi na biyu. Allah ya sa kuɗin ba su kai ba. Bayan mako biyu ƙurajen suna nan inda suke, har sun yi ƙanne, wuraren da suka saɓe kuma sun bar baƙin tabo wanda da can babu shi.

Kakarta ce ta fara tanka mata. Ta ce, “Ke ɗiyar nan, mi ya sami fuskarki kamar wadda ta faɗa murhu?”

Ta ce, “Iya, sabuni ne. Na itace ne, ba na kanti ba.”

Tsohuwa ta karɓi guntun, ta sunsuna, ta murza shi a tafin hannu. Ta ce, “Tumfafiya ma itace ce. Kin taɓa ganin mai hankali ya sa nononta a ido? Wannan toka ta fi mai yawa a cikinsa. Irinsa tufafi ake wankewa da shi. Garin neman gira kada ki rasa ido.”

Da aka kai ta gidan likita, malamin asibiti bai ba ta wani babban magani ba. Ya ce ta bar sabunin, ta riƙa wanke fuska da ruwa kaɗai na ƴan kwanaki, ta shafa man kaɗe kaɗan inda ya saɓe, ta kuma kare fuskar daga rana. Saɓar ta warke da sauri. Baƙin tabon kuwa yakan ɗauki watanni kafin ya dushe, don haka da shi aka kai ta ɗakin miji.

To, mi ya kawo haka? Tsohuwar ta faɗi gaskiyar magana, ko da yake ba ta shiga lakkwal ba.

Kowane sabuni a duniya, na kanti ko na gida, abu biyu ne aka haɗa: mai, da wani abu mai kaifi wanda yake narkar da man. Man yana iya zama na gujiya, ko na kaɗe, ko alayyadi, ko kitse. Mai kaifin kuwa ko ruwan toka ne, ko farar sodar nan da ake sayarwa a ƙulle cikin leda. In babu mai kaifin, babu sabuni, sai dai a kira shi wani suna. Ganyen bedi da zuma da kurkum da ake ambato, ɗan abin da aka barbaɗa ne a kai. Gindin abin yana nan yadda yake. Wanda ya ce sabuninsa ba shi da wani sinadari, ko dai bai san sana'arsa ba, ko kuma ya san ta sarai.

Ita kuwa fatar mutum tana da ɗan tsami nata na halitta, da ɗan maiƙo siriri a bisa. Su biyun nan ne garkuwarta. Su ke riƙe ruwa cikin fata, su ke hana ƙwayoyin cuta sakewa. Kowace mace mai girki ta san abin da kanwa take yi ma tsami. In miyar yakuwa ta cika tsami, ɗan jiƙon kanwa ko ruwan toka ake zubawa ya kashe shi. In hannu ya zarce, miya ta lalace. Haka sabuni yake yi ma fuska. Masana suna da ma'auni wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana tsakiya, a kan 7. Abin da yake ƙasa da 7 mai tsami ne, abin da yake sama kuma dangin kanwa ne. Lemun tsami yana wajen 2. Fatar mutum tana wajen 5. Sabuni, ko mai kyau ne, yana tsakanin 9 da 10. Ruwan soda kuwa yana can ƙarshe, 13 zuwa 14. In an wanke fuska da sauri an ɗauraye, fata takan mayar da tsaminta cikin ƴan awoyi. In an bar kumfa ta bushe a kai safe da dare, ba a ba ta damar mayarwa ba. Wannan shawara ta a bar kumfa a fuska ita ce mafi muni cikin duk abin da masu talla suke faɗa.

Ƙarar nan da yatsa yake yi bisa fuska bayan wanki, wadda mutane suke ɗauka alamar tsabta ce, alama ce ta an kwashe garkuwar duka.

Sai kuma maganar awo. Mai yin sabunin ƙwarai tana auna mai, tana auna soda, da sikeli ko da gwangwani wanda ta saba da shi. In da soda aka yi shi ba tare da dafuwa ba, sai an ajiye shi a inuwa mako 4 zuwa 6 ya huce kafin a kai shi kasuwa. Mai gaggawar kuɗi ba ya jira. Mai kuma yana da tsada, soda tana da araha, saboda haka mai son riba da yawa yakan rage mai. Sodar da ta rasa man da za ta ci tana nan a cikin curin, fatar mai saye za ta ci. Da toka ma haka ne. Tokar karan hatsi dabam, tokar itace dabam, tokar ɓawon koko da ake sabunin salo da ita a ƙasar Yarbawa da Gana dabam. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa tukunya biyu daga hannu guda ma sukan bambanta.

Ƙasar Adar kuma tana da nata. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar ɗari tana busar da komi, har leɓe da diddige su tsage. Fatar da ta riga ta bushe ba ta ɗaukar abin da za ta iya ɗauka da damana. Ga kuma ruwa. Duwatsun yankin suna da farar ƙasa, irin wadda ake yin siminti da ita a Malbaza, kuma ruwan wasu rijiyoyi yana da zartsi. Mata sun san rijiyar da ruwanta ba ya kumfa. A irin wannan ruwa sabuni yakan bar wani farin dauɗa da ke manne ma fata. Mai wanki ta ga babu kumfa, sai ta ƙara goga sabuni, ɓarnar ta ninku.

Babu mai musun albarkar itace a wannan yanki. Tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoman Majiya suka fara dasa layukan bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, don tare iska. Layi bibbiyu ne, tsakanin wannan da wancan kamar mita 100, har suka kai ɗaruruwan kilomita. Sun kare gonaki, sun ba da itacen gini da na wuta. A Keita, aikin raya karkara da aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya ya mayar da itatuwa bisa tuddan da suka zama faƙo, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. Saboda haka in mai talla ya ambaci bedi, zuciyar mutanen nan takan kwanta, don sun ga alherinsa da idonsu.

Amma a tuna irin aikin da bedi ya iya. Man ƙwallonsa yana korar ƙwari, yana hana wake ɓaci a ajiya. Abu ne mai ƙarfi, har yakan yi ma ƙaramin yaro mugun lahani in an ɗura masa. Aduwa ma haka take. Saiwarta da ɓawonta suna kumfa, tun kaka da kakanni ake wanke tufafi da su. Amma abin da ke kumfar nan, in ya yi yawa cikin tabki, yana kashe kifi da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, in ya shiga ido kuma yana yaji. Lemun tsami da ƴanmata suke matsawa a fuska, in an fita rana da shi, yakan ƙona fata ya bar baƙin shati wanda ke daɗewa. Kurkum kuwa rini ne. Hasken rawaya da yake ba amarya na kwana biyu ne, wanki uku ya tafi. Duk waɗannan daga ƙasa suka tsiro, kuma kowanne da wurin da ya dace da shi. Fitowa daga itace ba ta sa abu ya zama mai taushi.

Kada a ɗauka ana kushe sabunin gida ne. Akwai mata da ƙungiyoyin mata masu yin sabuni mai kyau, mai araha, wanda ya fi wasu na kanti. Sabunin salo na ƙwarai, wanda mai ya ishe shi, mutane da yawa suna wanka da shi shekara da shekaru lafiya lau. Mai yin irin wannan an san gidanta, gobe ma tana nan, in kaya ya ɓaci za a mayar mata. Ba ta kuma ce yana warkar da cuta goma ba. Ta ce sabuni ne, yana fitar da datti. Nan aikin sabuni ya tsaya. Mai lasifika shi ne yau yana Buza, jibi yana Ƙwanni, wani mako ya ƙetare iyaka, kayansa babu suna, babu adireshi, babu ranar da aka yi shi.

Ƙurajen samartaka kuwa ba datti ne yake kawo su ba, nan ne kuskuren yake. Lokacin balaga jiki yana ƙara fitar da maiƙo, ƙananan kafofin fata su toshe daga ciki, ƙurji ya taso. Ɗiyar mai kuɗi a Yamai mai wanka sau uku tana yin su, ɗiyar manomi ma tana yi. Dirza da soso ba ya kai wa inda toshewar take, sai dai ya fusata fatar. Matsa ƙurji da farce shi ke barin rami da tabo. Mafi yawan mutane ƙurajen sukan ragu da kansu in shekaru sun ɗan ja. Wanda nasa suka yi yawa, masu ruwa ko masu zafi, akwai maganin shafawa da na sha da likita yake rubutawa. Shi ma maganin likita sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji sosai. Duk wanda ya yi alkawarin kwana 7, a tambaye shi mi ya sa a ciki.

Tambayar tana da dalili. Budurwar Majiya ta yi asarar jikka guda da ɗan kyan fuska na watanni, amma akwai wadda ta fi ta shiga uku, ita ce wadda sabunin ya yi mata aiki. In aka ga sabuni ko mai wanda ake ce ma na itace ya sa fuska ta yi fari cikin mako guda ko biyu, ƙuraje sun kwanta farat ɗaya, to a yi tsoro. Babu ganyen da yake yin wannan. Sau da yawa an cakuɗa shi ne da maganin asibiti mai ƙarfi na dangin kortizon, wanda ake sayarwa cikin ƴan bututu, ko da maganin bilicin. Kortizon yana kwantar da kumburi da sauri, shi ya sa ake yabonsa da farko. Bayan watanni fata ta yi siriri har a ga jijiyoyi, nankarwa ta fito, makero ya bazu, ƙuraje su dawo fiye da da. Ranar da aka daina, fuska ta yi ja ta yi zafi, sai a koma a sake saye. Mai kayan ya sami ciniki na har abada. Shafa shi a jiki duka na tsawon lokaci yana iya kawo hawan jini da ciwon suga.

Wasu sabulan sa fari kuma suna ɗauke da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da masu haƙar zinariya suke amfani da shi. Zaiba tana ratsa fata, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma kai wa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono. Saboda haɗarinta ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a ƙasar Japan cikin 2013, wadda ta haɗa da hana zuba ta cikin kayan shafa. Ƙasar Kodibuwa ta hana mayukan sauya launin fata a 2015. Amma doka tana birni, tire yana ƙauye. Ido ba ya gane zaiba cikin sabuni, hanci ma ba ya ganewa. Mai ciki da mai goyo su nisanci duk abin da aka ce yana sa fari, kome sunan ganyen da aka liƙa masa.

Wadda take son gwada sabon sabuni kada ta fara da fuska. Ta shafa kaɗan a cikin damtse, ta ɗauraye, ta yi haka kwana biyu ko uku ta gani. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, sabunin ya tafi wajen wankin tufafi, bai zama asara ba. Curin da ya yi farin gari a bayansa kamar gishiri, ko yake cin hannu in akwai ɗan yanka, shi ma can ya dace. Amarya kuma kada ta gwada sabon abu ana saura mako biyu biki. Wanke fuska sau biyu a yini ya isa, da tafin hannu, ba da soso ba, kumfa kaɗan, a ɗauraye nan take da ruwa mai yawa. Da ɗari, in fata ta bushe, ruwa kaɗai ya wadatar da safe. Masu aikin albasa a fadamun Tarka da masu tafiya ɗibar ruwa cikin rana, malfa ko mayafi ya fi kowane sabuni kare musu fuska, domin rana ita ke ƙara ma tabo baƙi.

Masu yin sabuni a gida kuma, a yi hattara da soda. In an jiƙa ta kamar ruwa take, ko kamar nono, yaro mai ƙishirwa ba ya bambantawa. Kurɓi guda yana iya ƙona maƙogwaro ya tsuke shi har yaro ya kasa haɗiyar abinci. Kada a zuba ta a kwanon sha ko kwalbar lemo, kada a ajiye ta ƙasa. In tsautsayi ya faru kada a sa yaron amai, a garzaya da shi asibiti. In ido ta fantsama, a yi ta kwarara ruwa na tsawon minti 15 ko fiye kafin a kama hanya.

Akwai fuskar da ta fi ta amarya bukatar wanki, amma ba a yi mata talla da lasifika. Ita ce fuskar yaro ƙarami. Kwantsa a ido da majina a hanci su ke kiran ƙuda, ƙuda da hannu da tsumma su ke ɗaukar ciwon idon nan amodari daga wannan yaro zuwa wancan. In ciwon ya yi ta dawowa, fatar ido takan yi tabo daga ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar, daga nan sai makanta. Mata sun fi maza makancewa da shi, don su ke goyo, su ke share hawaye da bakin zane. A 1998 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya tsayar da hanyoyi huɗu na yaƙi da shi: aikin gyaran fatar ido, maganin kashe ƙwayar cutar, tsabtar fuska, da tsabtar gari da samun ruwa. Gana ta rabu da shi a matsayin annobar jama'a a 2018, Mali da Benin kuma a 2023. Ba sabuni mai kirari ya yi musu aikin ba.

Jikka gudan da ta tafi a curi ɗaya tana iya sayen sabunin gida na yau da kullum wanda yara za su wanke fuska da hannu da shi kwana da kwanaki. Ruwan da aikin yake ci bai fi moɗa guda ba ga yara biyu ko uku, in an zuba da buta ana tara hannu. Kowane yaro a bar fuskarsa ta bushe da iska, kada a goge su duka da tsumma guda.